Littattafan da Suka Hango Mulkin Kama-Karya: Duba Ne ko Gargaɗi?

Me ya sa duk lokacin da gwamnati ta toshe wata kafar sadarwa, ko aka ɗauke wani saboda abin da ya rubuta a wayarsa, sai a ji masu sharhi suna ambaton wani ƙagaggen labari da aka buga tun 1949? An ji haka a nan Abuja a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, dakatarwar da ta kai har Janairun 2022. An ji haka a ƙarshen 2020, da aka ba da umarnin kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN, jama'a suka yi ta kwana a layi a ofisoshin hukumar katin ɗan ƙasa. Sunan littafin 1984, marubucinsa kuma Baturen Ingila ne mai suna George Orwell.

Mutane sun rabu biyu a kan irin waɗannan littattafai. Akwai masu ɗaukarsu kamar aikin ɗan duba, wai marubucin ya hango zamaninmu, duk abin da ya faɗa sai ya tabbata. Akwai kuma masu cewa tatsuniyar ƙoshi ce ta Turawa, wadda ba ta da abin da za ta faɗa wa mutumin da ke tsaye a Mararaba da asuba yana kokawar motar shiga gari. A ganina duka biyun sun kauce hanya. Littattafan nan gargaɗi ne, kuma gargaɗi wanda bai riga ya faɗa rami ba yake yi wa amfani.

Wane irin labari ne wannan?

Ƙagaggen labarin kimiyya shi ne wanda marubuci zai ɗauki wata fasaha, wadda ake da ita ko wadda ake hasashen samu, ya gina labari a kan yadda za ta sauya rayuwar mutane. Mu ma muna da irinsa: Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi yawon sararin samaniya. Wani reshe na wannan adabi shi ne wanda Turawa ke kira distofiya. A nan marubuci yakan zana wata ƙasa ta gobe wadda komai nata ya tsaru tsaf a ido, amma ɗan Adam a cikinta ya rasa 'yancinsa da sirrinsa, wani lokaci har da sunansa. Zan kira su labaran baƙar makoma.

Dabarar da suke bi ɗaya ce. Marubuci zai dubi wani hali da ya fara tsiro a zamaninsa, ya tambayi kansa: in aka bar wannan ya girma shekara talatin ko ɗari babu mai tankawa, ina zai kai mu? Sai ya rubuta ƙarshen hanyar, ya sa mai karatu ya zauna a cikinta ya ji yadda take. Kimiyya kuwa ta shigo ne don azzalumin da, komai ƙarfinsa, yana da iyaka. Dogarinsa ba zai iya kwana a kowane ɗaki ba. Na'ura ce ta zo ta ɗauke wannan iyakar.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga faɗa wa mai mulki gaskiya ta bayan fage. Abin da ba ya faɗuwa a gaban sarki akan sa shi a bakin Gizo da Zaki. Shi ya sa da Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da wani littafin Orwell zuwa Hausa a 1975 da sunan Gandun Dabbobi, labarin ya zauna daram kamar a nan aka haife shi.

Ba kowane azzalumi ne ya kai wannan matsayi ba

A nan ake yawan cakuɗa magana. Mun saba kiran kowane mulkin danniya kama-karya, amma masana siyasa sun raba shi gida biyu. Na farko shi ne wanda mai mulki ke son ka yi shiru, ka bar masa kujera da baitulmali. In ka yi haka, tafi kasuwarka, tafi masallacinka ko cocinka, aurar da 'yarka, ba ruwansa da kai. Na biyu kuwa shirunka bai ishe shi ba. So yake ka yarda har zuci, ka tafa, ka koya wa ɗanka tafi, ka kuma kai ƙarar maƙwabcinka in ka ga hannunsa bai motsa ba. Ba ya barin wani abu ya tsaya da ƙafafunsa, ƙungiyar ƙwadago ce, makaranta ce, jarida ce, mumbari ne, har cikin iyali. Musolini na Italiya ya taƙaita manufar a 1925, inda ya ce komai a cikin gwamnati, babu komai a wajenta, babu abin da zai ja da ita. Wannan na biyun shi ne cikakken kama-karya mai haɗiye komai, kuma a kansa labaran baƙar makoma suke magana.

Hannah Arendt, masaniyar siyasa wadda ta tsere daga Jamus ta Hitila, ta yi nazarin wannan mulki a littafinta na 1951. Abin da ta gano yana da ban tsoro: mutumin da ya fi dacewa da irin wannan mulki ba lallai ne ya zama riƙaƙƙen ɗan jam'iyya ba, shi ne wanda ya daina bambanta gaskiya da ƙarya. Wanda ya yi karatun Alƙur'ani zai gane wannan siffa nan take. A Suratu Gafir Fir'auna ya ce wa mutanensa ba ya nuna musu sai abin da shi ya gani, a Suratuz Zukhruf kuma aka ce ya raina hankalin mutanensa, su kuma suka bi shi. Bai tsaya ga mallakar Misra ba, sai da ya nemi mallakar idon da mutanen Misra ke kallon duniya da shi.

Tarihi ya ga irin wannan a Jamus daga 1933 zuwa 1945, da Tarayyar Sobiyet a zamanin Stalin, da Kambodiya a hannun Pol Pot daga 1975 zuwa 1979, ga kuma Koriya ta Arewa har yau. A nahiyarmu Mobutu na Zayar ya kai ga hana mutane sunayen da aka raɗa musu a coci, ya hana sanya kwat, ana kuma buɗe labaran talabijin da hotonsa yana saukowa daga gajimare. Eritiriya ba ta taɓa yin zaɓen ƙasa ba tun samun 'yancinta a 1993, kuma tun Satumbar 2001 ta rufe duk jaridu masu zaman kansu. Najeriya ba ta taɓa kaiwa nan ba, wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Amma mun leƙa bakin ƙofar a 1998, lokacin da aka yi gangamin mutum miliyan biyu a nan Abuja, sannan jam'iyyu biyar da ake da su duka suka tsayar da Janar Sani Abacha a matsayin ɗan takararsu tilo.

Da idonsu suka gani kafin su rubuta

Abin da ke rushe zancen duba shi ne tarihin marubutan kansu. Yevgeny Zamyatin injiniyan jiragen ruwa ne ɗan Rasha wanda ya goyi bayan masu juyin juya hali tun suna ɓoye. Da suka hau mulki ya ga inda aka dosa, sai ya rubuta labarinsa mai suna Mu tsakanin 1920 da 1921. A cikinsa mutane ba su da suna sai lamba, gidajensu na gilashi ne don kada wani ya ɓoye komai, a ƙarshe kuma ana yi musu tiyata a ƙwaƙwalwa don cire musu ikon ƙirƙirar tunani. An hana buga littafin a ƙasarsa, sai a Amurka ya fara fitowa a 1924. Shi kansa ya bar Rasha a 1931, ya rasu a Faris a 1937, kuma 'yan ƙasarsa ba su ga littafin a fili ba sai 1988.

Orwell kuwa ɗan sandan mulkin mallaka ne a Bama na tsawon shekara biyar, ya san yadda danniya take daga ɓangaren mai riƙe da kulki. Ya je yaƙin basasar Sifen ya yaƙi dakarun Janar Franko da ke neman kifar da gwamnatin ƙasar, aka harbe shi a maƙogwaro a 1937, sannan ya ga yadda 'yan kwaminisanci masu bin Stalin suka juya suna farautar abokan yaƙinsu. A can ya karanta jaridu suna ba da labarin gumurzun da ba a yi ba, suna kuma yin shiru a kan wanda aka yi ɗaruruwa suka mutu. Daga baya ya yi aiki a BBC lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yana fama da tarin fuka ya kammala 1984 a wani tsibiri a Sikotilan, ya rasu a Janairun 1950, 'yan watanni bayan fitowar littafin. Kafin rasuwarsa ya bayyana cewa bai ce lallai irin wannan duniya za ta zo ba, cewa ya yi mai kama da ita na iya zuwa. Ya kuma ce da gangan ya kafa labarin a Ingila, don a san masu jin Turanci ba su fi kowa ba, kuma wannan mulki na iya cin nasara a ko'ina in ba a yaƙe shi ba.

Margaret Atwood 'yar Kanada ta fara rubuta The Handmaid's Tale a Balin ta Yamma a 1984, katanga na kewaye da birnin. Ta gindaya wa kanta sharaɗi cewa ba za ta sa wani zalunci a labarin ba sai wanda ɗan Adam ya taɓa aikatawa a wani wuri. Wato jiya suke tattarowa, su sanya mata rigar gobe.

Abubuwan da ake fara ƙwacewa

Babban amfanin waɗannan littattafai shi ne sun nuna cewa tankar yaƙi a kan titi ba ita ce farkon al'amarin ba. Akwai abubuwan da ake raba jama'a da su tun da wuri, sannu a hankali, ba tare da an ji ƙarar bindiga ba.

Na farko shi ne jiya. Jarumin 1984, Winston Smith, ma'aikaci ne a Ma'aikatar Gaskiya, aikinsa kullum shi ne sake rubuta tsofaffin jaridu don su dace da abin da gwamnati ke faɗa yau, a ƙone na asalin. Akwai wurin da aka rage rabon cakulan daga giram 30 zuwa 20, washegari aka sanar cewa an ƙara shi zuwa giram 20, jama'a suka fito suna godiya. Winston ya dubi fuskokinsu ya ga sun yarda. Wannan ba ƙirƙira ce zalla ba. Bayan an kashe Beriya, shugaban 'yan sandan ciki na Sobiyet, a 1953, an aika wa masu babban kundin ilimi na ƙasar sababbin shafuka, aka umarce su da su yanke shafin da ke maganarsa su manna bayani a kan tekun Bering. Haka aka riƙa goge fuskokin waɗanda aka kashe daga hotunan da suka ɗauka tare da Stalin. Mutumin da ba ya iya tuna farashin mudun masara bara, ko alƙawarin da aka yi masa a kamfe, da me zai auna mai mulki? Shi ya sa na ɗauki cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, wanda ya ɗauki fiye da shekara goma kafin a dawo da shi, a matsayin babbar asara, ko da waɗanda suka yi hakan ba da mugun nufi suka yi ba. Zamanin intanet kuma ya sauƙaƙa gogewar. A 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin karatu na Kindle na mutanen da suka sayi wasu littattafai ya share su daga nesa saboda rikicin haƙƙin mallaka, kuma 1984 na cikin waɗanda aka share. Littafin takarda sai an zo gidanka za a ɗauke shi.

Na biyu shi ne harshe. A ƙasar da Orwell ya zana, ma'aikatar yaƙi sunanta Ma'aikatar Zaman Lafiya, wadda ake azabtar da mutane a cikinta Ma'aikatar Ƙauna, mai raba yunwa kuma Ma'aikatar Yalwa. Masana na zaune suna rage kalmomin ƙamus kowace shekara, don a kai ranar da mai son yin tawaye ba zai sami kalmar da zai yi tunaninsa da ita ba. A shekarar 1984 ɗin kanta gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta kafa Doka ta 4, wadda sunanta ya nuna kare jami'an gwamnati ne daga zargin ƙarya, amma cikinta ya haɗa har da duk rahoton da zai zubar da mutuncin gwamnati. Da ita aka ɗaure 'yan jaridar The Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda, saboda labarin naɗin jakadu. Duk dokar da sunanta ya yi daɗi, a buɗe cikinta a karanta.

Na uku, kuma wanda ya fi taɓa ni, shi ne amana. Kowa ya san allon da ke kowane ɗaki a 1984, mai nuna maka hoto yana kuma kallonka, da fuskar Babban Yaya da ke manne a kowane bango. Daga nan aka samo sunan shirin Big Brother da ake kallo a gidajenmu, inda kyamara ke bin mutane dare da rana. Amma allon ba shi ne mafi muni a labarin ba. Maƙwabcin Winston mutum ne mai biyayya ƙwarai, sai 'yarsa 'yar shekara bakwai ta ji ya zagi shugaba cikin barci, ta kai ƙararsa, yana kurkuku yana alfahari da tarbiyyar da ya ba ta. A Jamus ta Gabas hukumar 'yan sandan ciki ta Stasi na da ma'aikata kusan 91,000 a 1989, ga 'yan rahoto na ɓoye fiye da 170,000, kuma da aka buɗe fayilolin bayan faɗuwar katangar Balin mutane suka tarar da sunayen mazajensu da aminansu a cikin masu kai gulmarsu. Al'ummar da miji ke tauna magana kafin ya faɗa wa matarsa ba ta buƙatar ɗan sanda a kowace kwana, kowa ya zama ɗan sandan kansa. Addininmu ya toshe wannan ƙofa tun da daɗewa: Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba. Hanin bai ware mai mulki ba.

Akwai kuma maƙiyi, wanda dole a samar da shi ko babu. A labarin 1984, kowace rana ana tara mutane na minti biyu su yi ta ihu da tsinuwa ga hoton wani maci amana, ƙasar kuma kullum tana cikin yaƙi, ko da abokin gaba ya sauya a tsakiyar jawabi. Mai jin tsoro ba ya tambayar inda kuɗin asibiti suka shiga.

Wata hanyar: a shagaltar da kai

Aldous Huxley, wanda ya taɓa koya wa Orwell Faransanci a makaranta, ya hango abin ta wata fuska a Brave New World na 1932. A duniyarsa ba a dukan kowa. Ana ƙyanƙyasar jarirai a kwalabe, a tsara tun kafin haihuwa wa zai yi mulki wa zai yi shara, a kuma koya wa kowa son matsayinsa. In ɓacin rai ya taso akwai ƙwaya mai suna soma, ga nishaɗi ba iyaka. A 1949 Huxley ya rubuta wa Orwell wasiƙa yana cewa masu mulkin gaba za su gane sa mutane su so bautarsu ya fi bulala sauƙi da arha. Ray Bradbury ya bi wannan layi a Fahrenheit 451 na 1953, inda aikin 'yan kwana-kwana ya koma ƙona littattafai. Abin lura a can shi ne jama'a ne suka fara barin karatu da kansu, suka koma ga manyan allunan bango, gwamnati ta zo ta ƙarasa.

Ban ce wani ya zauna a ofis ya tsara shagaltar da matasanmu ba. Amma binciken ƙasa na 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, ga shagunan cacar ƙwallo a kowace unguwa daga Kubwa zuwa Nyanya, ga waya mai cinye yini guda da gajerun bidiyo. Ko an shirya ko ba a shirya ba, mai mulki ne ke cin ribar jama'ar da ba ta da natsuwar karanta kasafin kuɗi.

Masu cewa bai shafe mu ba

Hujjoji uku na fi ji, kuma kowacce na da ƙamshin gaskiya.

Wasu na cewa littattafan nan makamin yaƙin cacar baka ne na ƙasashen Yamma. Akwai gaskiya a ciki: hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ita ta ba da kuɗin fim ɗin zane na labarin gandun dabbobi a 1954. Amma makamin ya juyo kan masu riƙe da shi. Da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya fallasa a 2013 yadda Amurka ke tattara bayanan wayoyin jama'a, cinikin 1984 ya yi tashin gwauron zabo a can. A Tailan bayan juyin mulkin 2014 an kama mai zanga-zanga yana karanta shi a bainar jama'a. Littafin ba shi da uban gida.

Wasu kuma na ganin labari irin na Atwood, inda ake danne mata da sunan addini, suka ne ga addini. Wanda ya karanta zai ga gwamnatin da ke ciki tana rataye limaman coci, tana yaƙar sauran ɗarikun Kirista da suka ƙi bin ta. Mai son haɗiye komai ba ya ƙyale malamin da ke da mabiya nasa na kansa, kowane addini ne.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ita ake ji a majalisu da tashoshin mota: mu matsalarmu ba yawan gwamnati ba ce, rashinta ne. Mutumin da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa a Zamfara ko Neja, yana gadi a Gwarinpa, zai ce maka: Malam, in dai za a kama masu satar mutane, a saurari wayata dare da rana. Ba zan ga laifinsa ba. Amma ta wannan ƙofa abin yake shigowa. Jamusawa ba don ƙoshi suka karkata ga Hitila ba, rashin aiki da rikicin titi ne suka gajiyar da su. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 an ga matasa a wasu biranen Arewa suna ɗaga tutar Rasha suna kiran soja. A leƙa maƙwabta a ga yadda ta kaya: sojojin Nijar da suka karɓi mulki a Yulin 2023 sun dakatar da RFI, a Disambar 2024 suka dakatar da BBC na wata uku, a 2025 suka rusa jam'iyyun siyasa, Mali ma ta rusa nata a shekarar. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kayan aikin da ake tarawa, da wanda zai gaje su

Ga inda maganar ta shafi talaka kai tsaye. Gwamnati mai rauni ma tana iya tara kayan aikin da mai ƙarfi zai zo ya tarar. Yau hoton yatsunka da fuskarka na hannun hukumar katin ɗan ƙasa, lambar NIN na haɗe da layinka, BVN na haɗe da asusunka. Kowane ɗaya da hujjarsa mai kyau, ta tsaro ko ta hana zamba. In aka haɗa su wuri guda kuwa, an san wa ka kira, ina ka kwana, nawa ka tura wa wa. Holan ta tsara rajistar jama'a mai inganci, har da addinin kowa, don sauƙaƙa aikin gwamnati. Da Jamus ta mamaye ta a 1940 sai rajistar ta zama jerin sunayen farauta, aka hallaka kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawan ƙasar. A Ruwanda katin shaida mai ɗauke da ƙabila, wanda Turawan Beljiyam suka gadar, shi aka riƙa dubawa a shingayen kisa a 1994. Waɗanda suka tsara takardun nan ba su ne suka yi kisan ba.

Abin takaici a namu shi ne sau da yawa ana biyan farashin ba a samun tsaron. A 2010 aka ba kamfanin ZTE na Sin kwangilar dala miliyan 470 ta tsarin sadarwar tsaro, har da kyamarori a titunan Abuja da Legas, kuma mazauna Abuja sun ga yadda turakun suka tsaya babu aiki. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara don a karya 'yan bindiga, mai POS da mai jiran kuɗi daga ɗansa da ke birni suka ɗanɗana kuɗarsu, satar mutane kuma ba ta ƙare ba. Masu garkuwa na ci gaba da kiran iyalai ta waya suna cinikin fansa bayan duk wahalar haɗa layi da NIN. A ɗaya gefen kuma, a Nuwambar 2022 an je har Jigawa an ɗauko wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse an kawo shi Abuja saboda rubutu ɗaya da ya yi a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama abin kama 'yan jarida da masu suka, kuma ko bayan gyaran da aka yi masa a 2024 kamen bai tsaya ba. Tambayar da nake ganin ta kamaci kowa ita ce: idon nan da ake ginawa, wa yake gani da sauri, mai ɗauke da bindiga a daji ko mai riƙe da waya a ɗakin kwanan ɗalibai?

Ba a rasa garkuwa ba. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Kotun ECOWAS da ke zama a nan Abuja ta yanke hukunci a Yulin 2022 cewa dakatar da Twitter ya saɓa doka. Ƙudurori biyu na 2019, na taƙaita kafofin sada zumunta da na kalaman ƙiyayya wanda ya tanadi hukuncin rataya, ba su zama doka ba saboda jama'a sun yi ca a kansu. Wannan shi ne babban bambancinmu da duniyar Winston Smith, inda babu kotu, babu jarida, babu wanda zai tambayi inda aka kai ka. A ranar 1 ga Nuwambar 2024 aka gurfanar da ƙananan yara da aka kama lokacin zanga-zangar Agusta a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali saboda galabaita. Cikin kwana uku shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Hotunan da suka jawo sakin nasu ta wayoyin jama'a suka bazu, a kan kafofin da ƙudurin 2019 ya so a bai wa jami'an tsaro ikon sa a toshe.